Likkafanin Turin da Autanmu da Ba Mu Binne Ba

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Da baki na fara ba da wannan shaida a taron Zumuntar Mata, sai matar fastonmu ta ce lalle in rubuta, domin akwai iyaye mata da yawa a gida da ke ɗauke da irin kayan da mahaifiyata ta ɗauka. Ba zan ambaci sunan kowa a danginmu ba. Waɗanda suka san mu za su gane.

Ni 'yar mai bishara ce na ECWA, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Kakanninmu Maguzawa ne. Baba ya tashi a gidan da ake yanka wa iskoki baƙin bunsuru a gindin tsamiya kafin a taɓa sabon hatsi. Da ya karɓi Almasihu yana saurayi, sai ya tattara layunsa da gurunsa da kambunsa ya cinna musu wuta a ƙofar gida, rana tsaka, kowa na kallo. Kakanmu ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarsa. Wanda ya sha irin wannan wuya kafin ya rabu da kayan tsafi ba ya wasa da duk wani abin da hannu zai riƙe a ce akwai albarka a ciki. Ko kalandar majami'a aka kawo mai hoton Yesu, Baba yakan yanke hoton ya bar mana kwanakin wata. Yakan ce, "Wa ya gan shi da har zai zana shi?" Fitowa 20:4 kuwa mun haddace ta tun ba mu iya ɗaura zane ba.

Maigidana ya zo Italiya karatu, ya samu aiki a wani kamfanin kayan mota a Turin, ni kuma na biyo shi a 2008. Takardar aikin lafiyar da na zo da ita ba ta ci a nan ba, sai na shiga aikin da yawancin matan baƙi ke yi, kula da tsofaffi. Wanka, sauya zanen gado, ba da magani, juya marar lafiya kada bayansa ya yi gyambo, in rai ya yi halinsa kuma a gyara mutum kafin masu jana'iza su iso.

Kasuwar Porta Palazzo, inda muke sayen doya da kuɓewa da manja, tafiyar 'yan mintoci ce daga babban cocin Katolika na birnin, mai sunan Yahaya Mai Baftisma. A cikinsa ake ajiye wani yadin lilin da miliyoyin mutane suka gaskata shi ne likkafanin da aka naɗe Yesu da shi. Shekara da shekaru ina wuce ƙofar da ledar cefane, ban taɓa leƙawa ba. Da ma ba a shimfiɗe yake kullum ba, yana kwance ne cikin akwati na musamman a rufe, sai an yi shekaru a fito da shi. An fito da shi a 2010, gari ya cika da baƙi, ni dai abin da ya dame ni cunkoson bas.

Tsohuwar da nake kula da ita a lokacin muna ce mata Nonna, wato Kaka. Maɗinkiya ce da ta yi ritaya, haifaffiyar Turin, ƙafafunta sun daina ɗaukarta amma bakinta ras. Hoton fuskar da ke jikin likkafanin yana rataye bisa kan gadonta. Duk Asabar nakan goge masa ƙura, ina kau da ido.

Yanzu bari in kawo maganar Auta. Shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, ni na goye shi. Ya gama difloma babu aiki, ya shiga acaɓa a Kano har aka hana sana'ar a watan Janairun 2013. Daga nan ya bi 'yan'uwansa matasa zuwa Agadas, ya ƙetare hamada zuwa Sabha a ƙasar Libiya, ya ƙare a Tarabulus yana leburanci. Babu irin roƙon da ban yi masa ba kada ya hau ruwa. Bayan Ista ta 2015 da 'yan kwanaki ya kira ni da wata baƙuwar lamba, yana dariya, ya ce, "Yaya, ki tanadi kuka da daddawa, na gaji da taliya." Na ce, "Auta, don girman Allah ka tsaya." Ya ce kuɗin waya ya ƙare. Muryarsa ta ƙarshe ke nan a kunnena.

A daren 18 ga Afrilu wani jirgin kamun kifi da aka cusa wa mutane ya kife tsakanin Libiya da tsibirin Lampedusa na Italiya. Mutum 28 kawai suka tsira, fiye da 800 suka tafi, yawancinsu a kulle a cikin jirgin. Kafin wannan da 'yan kwanaki wani jirgin ya nutse da mutum wajen 400. Washegari, Lahadi 19 ga wata, aka buɗe nunin likkafani a Turin. Talabijin ɗin Nonna yana nuna bishop-bishop cikin fararen riguna, a juya tasha a ga jiragen ceto suna yawo bisa ruwan da ba kowa. Na kira lambar nan har na haddace ta. Auta ko sama ko ƙasa.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Abin da take maimaita mini a waya shi ne, "Ko gawarsa ce a ba ni, in sa masa farin yadi." A ƙauyenmu ana naɗe mamaci da farin yadi kafin a sa shi a akwati, kuma uwa ko 'yar'uwa ce ke sayowa. Ashe har ta aika Malumfashi an yanko mata, ta ninke ta sa a ƙasan adaka.

A cikin wannan hali Nonna ta ce in kai ta ganin likkafani. An ware yammacin Laraba domin marasa lafiya da masu keken guragu, ɗanta ya yi mana rajista ta intanet, kyauta. Ban je ziyarar ibada ba, aiki na je, ni ce mai tura keke. Masu aikin sa kai cikin riguna masu launin shuɗi-ja suka bi da mu ta lambun fadar sarakuna, aka tsayar da mu a wani ɗaki aka nuna mana ɗan fim mai bayyana inda kai yake da inda ƙafa take. Na yi mamakin wannan, sai da muka shiga na gane dalili.

Cocin da duhu, yadin kaɗai aka haska. Dogo ne, mita 4 da santimita 40, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, an shimfiɗa shi a kwance bayan gilashi. Abin da ido ke fara kamawa ba mutum ba ne, layuka biyu ne na ƙuna da suka bi tsawonsa, da ramuka masu kusurwa uku. Sai ka ɗan natsu kafin siffar ta fito a tsakaninsu, launinta dishi-dishi, rawaya mai duhu kaɗan. Gaban mutum a hagu, bayansa a dama, kawunan biyu sun kusa haɗuwa a tsakiya, alamar an kwantar da shi bisa rabin yadin aka rufo ɗaya rabin ta kansa. Hannuwa a harɗe. Tabon jini a wuyan hannu, ba a tafi ba. Wani a haƙarƙari, wasu a goshi da ƙeya. Sai bayan. Ni da aikina duba bayan mutane ne, nan idona ya tsaya. Tun daga kafaɗa har sha-raɓa babu inda bulala ta bari, tabo fiye da ɗari, ƙanana, bibbiyu.

Nonna tana motsa leɓe tana jan carbinta. Ni kuwa abin da ya taso mini ba ibada ba ne, fushi ne. Na ce a zuciyata: Ya Allah, naka Ɗan ya samu mai roƙon gawarsa, ya samu sabon yadi da sabon kabari. Na Inna fa? Hawaye ya hana ni ganin hanya, har wata mai aikin sa kai ta karɓi keken ta fitar da mu. Ta ɗauka Ruhu ne ya taɓa ni, tana ta shafa mini kafaɗa. Ban gyara mata ba.

Daren nan na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa da Baba ya ba ni ranar aurena, da niyyar in kafa wa Allah hujja. Na buɗe wurin jana'izar Yesu a Bishara huɗu, wurin da kullum muke tsallakewa, domin ranar Jumma'a wa'azi yana ƙarewa a kan gicciye, ranar Lahadi kuma ya fara daga kabarin da ba kowa. 'Yan ayoyin da ke tsakani ban taɓa zama a kansu ba.

Markus ya ce Yusufu mutumin Arimatiya, ɗan majalisa mai daraja, ya yi ƙarfin hali ya shiga wurin Bilatus ya roƙi jikin. Ƙarfin hali ne kuwa, domin Romawa sukan bar wanda suka gicciye a rataye tsuntsaye su ci, kuma mai neman gawar wanda hukuma ta kashe ya nuna kansa. Shari'ar Musa ce ta hana gawa kwana a bisa itace, Maimaitawar Shari'a 21:23. Markus ya ƙara da cewa sayen lilin ɗin ya yi, wato a yammacin nan, Asabar na ƙaratowa, wani babban mutum ya tsaya gaban mai yadi yana ciniki. Matiyu ya ce yadin mai tsabta ne, kabarin kuma nasa ne na kansa. Yahaya ya kawo Nikodimu, wanda dā ya zo da dare a ɓoye, yanzu ga shi da mur da kayan ƙanshi fiye da kilo 30. Cikin almajirai goma sha ɗayan nan da suka ci suka sha da shi, ba a ambaci ko ɗaya a wurin ba. Uwa ba ta sayi yadin ba, 'yan'uwa ba su haƙa kabarin ba. Waɗanda ba a zata ba ne suka yi.

Na ci gaba zuwa Yahaya 20. Maryamu Magadaliya tana tsaye a bakin kabari tana kuka, aka tambaye ta dalili, ta ce an ɗauke Ubangijinta, ba ta kuwa san inda aka sa shi ba. Na ajiye littafin. Maganar Inna ke nan, ba ragi. Ashe mutum na farko da Yesu ya bayyana gare shi bayan tashinsa mace ce mai neman gawar da ba ta samu ba. Fushina bai tafi a daren ba, amma ya samu wurin zama a cikin Littafin, kuma wannan ya hana ni barin addu'a.

Da na gaya wa Baba inda na je, shiru ya yi har na ɗauka layi ya yanke. Sai ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kin durƙusa masa?" Na ce a'a. Ya ce, "To buɗe 2 Sarakuna 18:4." Macijin tagullar da Musa ya yi a jeji bisa umarnin Allah kansa, wanda duk wanda ya dube shi ya warke, shi ne Sarki Hezekiya ya farfashe saboda Isra'ilawa sun koma ƙona masa turare. Baba ya ce, "Wannan na gaske ne, ba jabu ba, amma aka fasa shi. To ko da yadin nan na gaske ne, me ya fi macijin Musa?"

Ni ma 'yarsa ce, ban rasa aya ba. Na ce, Baba, matar nan mai zubar jini gezar rigarsa ta taɓa. A Afisa ana ɗaukar adiko daga jikin Bulus a kai wa marasa lafiya su warke, Ayyukan Manzanni 19:12. Gawa ta taɓa ƙasusuwan Elisha ta tashi. Ya ce, "Gaskiya ne. Ina adikon yake yanzu? Wace ekklisiya Bulus ya ce ta ajiye shi?" Ya ƙara da cewa Bitrus da Yahaya sun shiga kabarin sun ga lilin a ajiye, da mayafin da aka ɗaure kansa a naɗe waje ɗaya shi kaɗai, wato yadi ya fi ɗaya. Kuma in da siffar Ubangiji ta fito a jiki, yaya Yahaya da ya lura har da yadda aka naɗe mayafi zai manta da wannan? Daga baya na gano John Calvin, ɗaya daga jagororin Furotesta na farko, ya kawo waɗannan hujjoji biyu tun 1543 a rubutunsa kan kayan tsarkaka. Baba bai taɓa karanta shi ba. Masu kāre likkafanin suna amsawa cewa babban yadi ɗaya da ƙananan ɗaure-ɗaure ba su saɓa wa Yahaya ba, har suna nuna wani mayafi mai jini da ke Oviedo a Sifaniya a matsayin na kan. Na gaya masa haka. Ya ce, "Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wurinmu ji ne ya kori gani. Tambayi Toma."

Maganar ba ta bar ni ba, sai na shiga bincike. Akwai gidan tarihin likkafanin a titin San Domenico, na je ranar hutuna, na kuma karanta abin da na iya. Ga abin da ya tabbata a takarda. Yadin ya fara bayyana ne wajen 1355 a wani ƙauyen Faransa mai suna Lirey, a hannun wani jarumin yaƙi, Geoffroi de Charny. A 1389 bishop na yankin, Pierre d'Arcis, ya rubuta cewa wani bishop da ya gabace shi ya bincika har ya samu mai zanen da ya amsa aikinsa ne. A 1453 ya koma hannun gidan sarautar Savoy. A 1532 gobara ta kama ɗakin sujadar da yake ciki a Chambéry, narkakkiyar azurfa ta ɗiga a kansa yana ninke, ita ce ta bar ramukan da na gani. An kawo shi Turin a 1578 don a rage wa Carlo Borromeo, babban bishop na Milan, tafiyar ƙasa da ya yi wa'adin yi. Sai a 1983, da tsohon sarkin Italiya Umberto na Biyu, ɗan gidan Savoy, ya rasu, ya zama mallakar Fafaroma.

Abin da ya ɗaga sunansa a duniya hoto ne. A 1898 wani lauya mai sha'awar ɗaukar hoto, Secondo Pia, ya ɗauke shi, da ya wanke sai ya ga a jikin nagetif, inda fari ke fita baƙi, fuskar ta fito sarai kamar hoton gaske. Fuskar da ke kan gadon Nonna ke nan. A 1978 wata tawagar masana, yawancinsu daga Amurka, ta yi awa 120 tana gwaje-gwaje, ta ce ba fenti ne ya yi siffar ba, launin yana can saman zare kawai, kuma ba ta gano yadda aka yi ba. Wani masani, Walter McCrone, da ya duba ƙurar da aka ɗebo daga yadin, ya ce shi fenti ya gani. Sai 1988, aka yanki ɗan ƙyalle daga kusurwa ɗaya aka raba wa ɗakunan gwaji uku, Oxford da Zurich da Arizona, su auna shekarunsa ta hanyar kabon, wanda tsiro ke sha yana raye, ya riƙa raguwa a kan ƙa'ida bayan an yanke shi. Amsa ta fito: tsakanin 1260 da 1390. Babban bishop na Turin na lokacin, Kadinal Ballestrero, shi da kansa ya sanar.

Na tambayi Nonna yadda ta ji a ranar. Ta ce ta yi kuka, washegari ta tafi coci kamar kullum. Ta nuna mini hoton mijinta da ke kan durowa ta ce, "'Yata, in na sumbaci wannan, takarda nake aure?" Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Cocin Katolika kanta ba ta taɓa wajabta wa kowa ya gaskata likkafanin na Yesu ne ba. Fafaroma John Paul na Biyu, da ya zo Turin a 1998, ya kira shi madubin Bishara, ya kuma ce tunda ba batun bangaskiya ba ne, masana aka bar wa binciken asalinsa. Na ɗauka za su rantse a kansa. Ashe mu na waje mun fi su zafi a kan abin, ko wajen yarda ko wajen ƙi.

In kun tambaye ni ra'ayina, ga shi. Takarda ta fara maganar yadin a ƙarni na 14, gwajin kabon ma ya faɗa ƙarni na 13 zuwa 14, kuma shaidu biyu da ba su san juna ba in suka faɗi abu ɗaya ba a ture su da sauƙi. Masu cewa an yanki gwajin daga wurin da aka yi faci suna da 'yar hujjarsu, wani daga tawagar 1978, Raymond Rogers, ya rubuta haka a 2005, amma masu sanin saƙa da suka duba yadin da hannu ba su ga facin ba, kuma ba a sake gwajin ba. Ni ma da idon aikina na lura da abu biyu. Gashin wanda ke kwance baya yake zubewa, na jikin yadin kuwa ya sauko gefen fuska kamar na mai tsaye. Hannuwan mamaci kuma ba sa zama a harɗe can ƙasa in ba an ɗaure ba, sukan zame gefe. Akwai masu amsa waɗannan da sandarewar gawa. A ɗaya gefen, har yau ba wanda ya yi irinsa da ya cika dukan siffofinsa. Sai dai rashin sanin yadda aka yi abu bai mai da shi mu'ujiza ba. Na fi karkata ga cewa ba shi ba ne, kuma faɗin haka bai rage mini kome a sujada ba.

Shi ya sa raina ya ɓaci a 2024 da saƙonni suka cika WhatsApp, wai kimiyya ta tabbatar, ga ainihin fuskar Yesu, ka tura wa mutum goma. Hoton kwamfuta ce ta ƙera shi, gwajin da ake magana kuwa sabuwar hanya ce da wasu masanan Italiya suka gwada a kan zare ƙwaya ɗaya, sauran masana ba su gama yarda da ita ba. Har 'yan majami'armu, jikokin waɗanda suka ƙona layu, suna ta turawa. Wanda ya rataya bangaskiyarsa a kan ɗakin gwaji, ranar da wani ɗakin gwajin ya faɗi akasi sai ya faɗo tare da ita. Da Bulus zai kafa wa Korantiyawa hujjar tashin Almasihu, mutane ya lissafa: Kefas, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500, Yakubu, sa'an nan shi kansa. Bai ce su je Urushalima su ga yadi ba.

Amma ban bi Baba har ƙarshe ba, na kuma gaya masa. Na ga masu sayen ɗan katin hoton su cusa a walat don tsari daga hatsarin mota. Wannan laya ce, ko da sunan wa aka rubuta a jiki. Na kuma ga Nonna, wadda ta duba bayan nan mai tabo ta karanto Ishaya 53 da ka. Ba zan iya sa su a kwando ɗaya ba. Ni kaina, shekara nawa ina jin an yi masa bulala, kalma ce kawai mai wucewa cikin karatu, sai da na ga bayan mutum. Ko hannun wani mai zane ne na ƙarni na 14, to ya zauna a kan Bishara fiye da yadda na taɓa zama, shi ne kuma ya kora ni zuwa ga ayoyin. Abin da ya riƙe ni bayan haka ayoyin ne.

A tsakiyar 2016 sojojin ruwan Italiya suka ɗago jirgin 18 ga Afrilu daga zurfin mita wajen 370, suka kai shi Augusta a Sisili. 'Yan kwana-kwana suka shiga ciki suna fito da abin da ya rage na mutane, wata likitar binciken gawa daga jami'ar Milan, Cristina Cattaneo, da tawagarta suna duba su ɗaya bayan ɗaya, haƙori, ƙashi, abin da ke aljihu, don a mayar wa kowa sunansa. Sun samu wani yaro da ya ɗinke takardar sakamakon makarantarsa a cikin rigarsa. Mutanen nan ba danginsu ba ne, ba yarensu ɗaya ba, da yawa ba addininsu ɗaya ba. Da na ga hotonsu cikin fararen kayan aiki, Yusufu da Nikodimu na tuna. Na je ofishin Red Cross na ba da bayanan Auta: tsayinsa, haƙorin gaba da ya gutsure, tabon salansar babur a ƙafar dama. Fayil ɗin yana buɗe har yau.

A 2017 Baba ya ce zaman jiran ya isa, za a yi sujadar ban kwana ko babu gawa. Wasu dattawa sun ƙi, suna cewa in ya dawo fa. Ya ce in ya dawo sai a yanka sa. Na je gida. Majami'a ta cika har waje, maƙwabtanmu Musulmi suka zauna a inuwar darbejiya har aka tashi, acaɓa bai san addini ba, abokan Auta ne. Baba ya hau bagade da sandarsa, bai yi dogon wa'azi ba. Ya karanta Wahayin Yahaya 20:13, inda aka ce teku ya ba da matattun da ke cikinsa. Ya rufe littafin ya ce, "Ba mu san inda yake ba. Teku ya sani, kuma an riga an ba shi umarni." Nan Inna ta yi kukan da ta riƙe shekara biyu. Farin yadin kuwa bai daɗe a adaka ba. Da kaka wani ɗan ci-rani ya rasu a kasuwarmu ba a san danginsa ba, ta fito da shi ta aika wa limamin unguwa.

Nonna ta rasu a 2018, ni na gyara ta, ɗanta ya sa hoton fuskar a akwatinta. Daga nan na koma aiki a gidan tsofaffi, inda korona ta same mu a 2020. An hana jana'iza, an hana dangi shiga, an hana mu ma sa wa mamaci kayansa. A zanen gado muke naɗe su, a rufe akwati. Ranar Asabar kafin Ista, 11 ga Afrilu, aka nuna likkafanin kai tsaye a talabijin daga cocin da ba kowa, tsofaffinmu suna kallo daga gadajensu. Ni ina ɗaki na gaba tare da wata abokiyar aiki 'yar Romaniya muna naɗe wani tsoho da 'ya'yansa ke kuka a waya. Na gaya musu an wanke masa fuska, an rufe masa ido, an kira sunansa, an yi addu'a. Abin da suka yi ta tambaya ke nan.

Baba ya tsufa ƙwarai yanzu, har gobe kuma in maganar ta taso sai ya ce da shi ne Hezekiya da ya san abin da zai yi da yadin. Nakan ce masa ai ba za su ba shi biza ba.

Ga iyayen da 'ya'yansu suka bi hanyar Agadas aka daina jin ɗuriyarsu: ku je ofishin Red Cross mafi kusa ku nemi sashen haɗa iyalan da suka rabu. Ba a biyan ko kwabo. Ku tafi da hotonsa, da ranar da kuka yi magana ta ƙarshe, da lambar da ya kira ku da ita, da duk wata alama ta jikinsa. Za a zo muku da labarin wani mai addu'a ko mai duba da ya gan shi a kurkukun Libiya, a kawo kuɗi a fito da shi. An zo wa Inna, ta sayar da tumaki biyu kafin mu ji. Kada ku ba da kome sai kun ji muryarsa da kunnenku.